Yadda Maestra Prosing Ta Hana a Ƙona Makarantar Kalubihan

Eufrosina Tabanao sunanta na takarda, amma mutum biyu kawai aka san sun taɓa kiranta da shi: fadan da ya yi mata baftisma, da akawun soja ranar da ya rubuta ta. Duk Kalubihan Maestra Prosing ake ce mata, wato Malama Prosing, har waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba. An haife ta a shekarar 1913, ta biyar cikin 'ya'ya takwas na wani masunci. Gajera ce, muryarta ba ta da girma, amma tana kaiwa bencin ƙarshe ba tare da ta ɗaga ta ba. Ta rasu a 1991, a gidan da aka haife ta, taku ɗari biyu daga bakin teku.

Makarantar horon malamai ta mishan ta yi, a babban gari, wadda wasunmu ma muka bi ta cikinta daga baya. A can akwai dokar da ake cusa wa ɗalibi tun makon farko: malami ba ya tambayar aji, "Kun gane?" Mutanenmu ba sa iya duban idon babba su ce masa a'a. Za su amsa baki ɗaya cikin ladabi, "Mun gane," su tafi gida kansu wayam. Sai dai malami ya ce, "Taso ka nuna mini." In kuma yaro ya kasa, ba a gaban jama'a ake gyara masa ba.

Tana da shekara ashirin aka turo ta gida, aka ba ta aji huɗu. Makarantar Kalubihan a wancan zamanin ita ce ginin da ya fi kowanne kyau a garin, in aka cire coci. Ɗakuna bakwai ne a jere bisa ginshiƙan siminti, da rufin kwano, da matakala goma sha ɗaya. Ba gwamnati kaɗai ta gina ta ba. Masunta ne suka yi jigilar yashi da kwale-kwalensu, mutanen dutse suka jawo katako da bauna, mata suka yi wata biyar suna dafa wa magina abinci. Kowane gida yana iya nuna maka wajen da guminsa ya zuba.

Sojojin Japan suka sauka tsibirinmu na Negros a watan Mayun 1942. Da farko suka ce a ci gaba da karatu, amma a kawo littattafai, a manne duk shafin da ba su so da farar takarda. Maestra ta wuni guda tana shafa kunun rogo a kan shafukan da ta yi shekara tara tana koyarwa. Washegari ba ta koma ba. Kafin shekara ta zagayo ma an kori yaran, an fasa bencinansu ana girki da su, soja talatin suka tare a cikin ginin.

A lokacin samarinmu sun hau dutse sun kafa rundunarsu, suna kuma ɗaukar mata. Malamai uku, har da Maestra, suka ƙulla kayansu rana ɗaya. Mahaifiyar Maestra ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ke da ko kaza ba ki iya yankawa? Soja! Su can me za su yi da ke, ki duba musu farce?"

"In da datti zan duba, Nanay."

"Ubanki ya sayar da kwale-kwale ya kai ki mishan don ki zama mutum, ba don ki kwana a daji da 'ya'yan wasu ba."

"Don in koyar ya kai ni. Ga makarantar can, je ki gani ko akwai wanda zan koya wa."

Tsohuwar ta shige ciki tana mita, ta fito da busasshen kifi ƙunshe a ganyen ayaba, ta cusa mata a jaka ba tare da ta dube ta ba.

A dutse aka rantsar da ita, aka ba ta lamba da igiya biyu ta kofur. Kakin nata na zaren ayaba ne, mai ƙaiƙayi, don babu wani yadi. Shekara biyu ta yi tana kwafe umarni da kyakkyawan rubutun nan nata na mishan, tana dafa bandeji, tana raba tsakin masara da gishiri da ƙoƙon kwakwa. Zazzaɓin sauro ya kayar da ita sau huɗu. Ba ta taɓa harba bindiga ba. In gari ya yi haske takan hango rufin makarantar can ƙasa yana ƙyalli.

A watan Janairun 1945 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka ya sauke makamai a kudu, rabon rundunar Kalubihan ya zo: ƙaramar igwa guda da harsashi goma sha shida. Bututun ƙarfe ce mai ƙafa biyu, ana zura mata harsashi ta baki ya tashi sama ya faɗo. Sojoji suka sa mata suna Donya, wato babbar uwargida, wai don sai an ɗauke ta a kafaɗa, kuma ba ta cin masara. Aka damƙa ta a hannun Laftanan Villaflores, ɗan mai gonar rake, wanda yaƙi ya katse wa karatun lauya a Manila. Ba mugun yaro ba ne. Shi ne dai ya fi kowa Turanci, shi ya sa aka ba shi katin da ya zo da igwar, mai nuna yadda za a karkata bututun gwargwadon nisa.

Abin da ya hana a karɓe garin shi ne bindiga mai jigida da Japanawa suka girke a wani rami a ƙofar makarantar, suka kewaye shi da itacen kwakwa. Tsakanin ramin da matakalar ginin yadi arba'in ne. Aka kai Donya bayan tafkunan kifi, aka harba biyar. Duk biyar ɗin a cikin ruwa suka faɗi, suka kashe kifin mutane. Bindigar ta amsa, ta fasa wa wani cinya, aka janyo jiki aka koma dutse. Laftanan ya ce albarushin ne ya sha damshi a teku. Kowa ya ce haka ne.

Ranar Lahadi sha ɗaya ga Fabrairu, bayan addu'ar safe, Kyaftin Amparado, shugaban rundunar, ya kira Maestra bukkarsa.

"Rubuta, Kofur. Kowane sashe ya tara busasshen ganyen kwakwa dami ashirin. Za a bi ta bayan makaranta, a cusa ƙarƙashin daɓen katako, a sa wuta."

Ta rubuta har ƙarshe, ta ɗiga aya, sannan ta ajiye alƙalami.

"Yallaɓai, iskar arewa ke kaɗawa. In makaranta ta kama, kasuwa ma ta tafi."

"Na sani."

"An ƙona ta garin Bantolinao bara. Wa zai sake gina musu? 'Ya'yansu za su yi gemu ba su iya rubuta sunansu ba."

"Maestra, a aji biyu na ginin nan na koyi baƙi. Kina tsammani daɗi nake ji? An ba ni umarni in buɗe hanyar bakin teku kafin ƙarshen mako. Igwa ta ƙi. In tura mutane su tunkari jigida da ƙirji?"

"A ba ni mutanen igwar kwana uku."

Ya dube ta, gajeriyar mace cikin rigar zaren ayaba, tawada a yatsu. Ya kusa yin dariya, amma matarsa ta taɓa zama a ajinta na manya, ya san halinta.

"Alhamis. In Donya ba ta fitar da su ranar Alhamis ba, ranar Juma'a ganyen kwakwa zai fitar da su. Kada ki zo mini da kuka."

Ta sami mutanen igwar da tsakar rana a gindin mangwaro, suna cin dankali dafaffe. Su biyar ne. Babbansu Manong Teban, tsohon masunci abokin mahaifinta, wanda ake ji da shi wajen ƙiyasin nisa a kan ruwa. Sai Paking, mai hawa kwakwa yana tatsar giya, wanda bakinsa ba ya rufuwa.

"Ku miƙe, ga Maestra!" in ji Paking. "Wanda bai wanke kunne ba ya ɓuya bayan Donya."

"Kai ma ka fara ɓuya, daga nan nake hango naka. Me ya sa ta zubar da biyar a ruwa?"

"Kifi take sha'awa. Kin san manyan mata."

"Albarushi ne ya jiƙe," in ji wani, sauran suka gyaɗa kai tare. Ta san wannan gyaɗa kan. Shekara tara ta yi tana ganinsa. Manong Teban kuwa bai ɗago ba, yana ta ɓare dankalin da ya riga ya ɓare.

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, "Manong, zo ka taimake ni da igiyar shanyar bandeji, ta fi ƙarfina."

Da suka yi nisa da sauran, ta miƙa masa ƙullin igiya ta ce ya yanko mata ashirin. Tsoho ya kama bakin igiyar, ya buɗe hannuwansa biyu iya tsawonsu, ya sake kamawa ya buɗe, yana ƙirga a hankali. Haka mahaifinta ke auna igiyar anga, haka kowane masunci a gaɓar nan ke auna komai: gaba-gaba. Ta bari ya kai bakwai.

"Manong, ranar nan da Laftanan ya tambaye ka nisa, me ka ce masa?"

"Ɗari uku."

"Gaba ɗari uku."

"To da me zan auna, Inday?" in ji shi, yadda suke kiran 'ya mace a can.

"Katinsa da yadi aka rubuta shi."

Ya naɗe igiyar a hannunsa. Can ya ce, "Tun na farko na gane lissafinmu ba ɗaya ba ne. Na ga inda ya faɗi, da ƙyar ya wuce rabi."

"Ka gani, ka bari aka ƙara huɗu?"

"Kyaftin na tsaye a bayansa! In buɗe baki in ce yaron bai san abin da yake yi ba? Ubansa ne ya tsaya wa 'yata a baftisma. Da wace fuska zan shiga gidansu? Ya juyo ya tambaye mu ko ya yi daidai, muka ce ya yi."

"Sauran ma sun sani?"

"Har Paking. Kwana goma ba na jin ɗanɗanon abinci, Inday. Cinyar yaron nan da aka fasa, a wuyana take."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ciro tef ɗin ɗinki daga aljihu, ta sa shi ya buɗe hannu, ta auna daga yatsa zuwa yatsa: inci sittin da shida. Ta durƙusa ta yi lissafi a ƙasa da tsinke. Gaba ɗari uku na Manong Teban yadi ɗari biyar da hamsin ne.

Saura abu mafi wuya. In ta kai wa Kyaftin maganar, za a ƙwace igwar daga hannun Laftanan a gaban kowa, shi kuma Manong ba zai ƙara buɗe baki ya faɗi nisa ba har ya mutu. In ta yi shiru, makaranta ta tafi. Ta zauna da yamma ta ja layi a farar takarda, ta kwafe katin tsaf, ta ƙara masa sahu guda a gefen hagu: gaba kaza, yadi kaza, karkata kaza. Ta jira har Laftanan ya zauna shi kaɗai a bakin rafi yana wanke safa.

"Yallaɓai, katin nan ya fara cin ruwa, na kwafe maka. Na kuma ƙara sahun gaba, tunda mutanenka masunta ne, da shi suke awo. Na san da ka sami sarari da kanka za ka sa a yi. Ka duba mini ko na yi kuskure."

Ya karɓa da jiƙaƙƙen hannu. Idonsa ya sauka a kan ɗari uku, ya bi layin zuwa ɗari biyar da hamsin, ya tsaya. Kunnuwansa suka yi ja. Maestra ta mai da hankalinta kan wani tsuntsu a tsallaken rafi, ta ba shi duk lokacin da yake bukata.

"Babu kuskure," ya ce da ƙyar. Sai ya ƙara da cewa, "Su sun sani?"

"Sun san albarushi ya jiƙe, yanzu kuma ya bushe."

Ya saki wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ninke takardar, sai kuma ya miƙa mata.

"Rubutunki ne, ke kika fi saurin karanta shi. Ranar Alhamis ki tsaya kusa da ni."

Kwana uku ta yi da su a wani fili bayan sansani. Babu harsashin ɓatawa, sai ta sa aka sassaƙa guntun itace daidai girmansa. Kowa sai ya taso ya nuna, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koya wa na kusa da shi. A nan ta gano Paking, wanda aka ɗora wa murɗa ma'aunin igwar, bai san lamba ba, kwaikwayon hannun Laftanan kawai yake yi. Ta ja shi gefe da sunan ya sauko mata da kwakwa, ta koya masa sifili zuwa tara a gindin bishiyar.

"Shida da tara ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, Maestra, ɗayan ne ya sha giya ya kife."

"To ka riƙe wanda ya kife, kada ka kifar mini da makaranta."

Laftanan ma da kansa ya shiga layi ya nuna. Ganin haka babu wanda ya ƙara jin nauyin cewa a maimaita masa.

Ranar Alhamis sha biyar ga wata, da hantsi, suka girke Donya a wurin da suka girke ta da farko. Masu bindiga suna kwance cikin gonar kwakwa ta gabas suna jira. Maestra ta durƙusa a cikin taɓo, takardar a gwiwarta. Shekara biyu rabon da ta ga makarantar kusa haka. An toshe tagogin da buhunan yashi, an shanya wanduna a barandar aji huɗu.

Laftanan ya ce, "Ɗari biyar da hamsin?"

"In ka yarda, Yallaɓai, mu fara da ɗari biyar da ashirin. Gara mu gaza mu ƙara."

Aka zura na farko. Ya faɗi a bakin tafki, ya watsa laka.

"Manong?" ta ce.

Tsoho ya dubi Laftanan. Laftanan ya ce, "Faɗi da ƙarfi, Manong, kunnena ya toshe."

"Saura gaba goma sha biyu!"

"Yadi ashirin da biyu," in ji Maestra, yatsanta a kan layi. Paking ya murɗa yana karanta lambar a fili kamar ɗan aji ɗaya. Na biyu ya faɗi a kan titi, hagu da ramin. Jigida ta farka, ta shiga sheƙe ganyen ayaba a bisa kawunansu. Na uku ya matso. Na huɗu kuwa iska ta ɗauke shi, ya wuce ramin, ya sauka a kusurwar rufin. Kwano ya tashi sama yana juyi, hayaƙi ya biyo baya.

Duk suka juyo suna dubanta. Ta danne takardar a gwiwarta.

"Me kuke kallo? Ofishin hedimasta ne, dama yana yoyo. Manong?"

"Rage gaba goma sha biyar, a ɗan ja dama."

Hayaƙin ya yi ta raguwa, bai zama wuta ba. Na biyar da na shida suka faɗi a gefen itacen kwakwar, suka tarwatsa biyu. Na bakwai ya faɗa cikin ramin, ba a ga ƙurarsa a waje ba, ƙararsa ma a toshe ta fito. Jigida ta yi tsit.

Paking ya yi tsalle ya rungume bututun, ya sake shi da ihu don zafi. Daga gonar kwakwa aka busa ƙaho, mutanenmu suka taso. Ba a yi awa guda ana musayar wuta ba, Japanawan da suka rage suka fice ta baya, suka kama hanyar arewa. Kafin azahar ƙararrawar coci na kaɗawa, mata suna fitowa da tukwanen masara a ka.

Maestra ta hau matakalar da laka har gwiwa. Ciki wari kamar turken aladu, an yi girki a tsakiyar aji biyu, bango ya yi baƙi. Ta bi ɗakunan tana ƙirgawa. Bakwai, duk a tsaye. Da ta fito baranda sai ta tarar da rundunar ta cika filin, ana ta ihu, wasu na neman ɗaga ta a kafaɗa.

"Kada wanda ya taɓa ni. Ku da kuke da ƙarfin ihu, a raba kwakwa hamsin biyu-biyu, a kawo ruwa da toka."

Kyaftin Amparado ya dube ta, ya dubi mutanensa, ya tuɓe takalmi. Da yammacin nan mutanen gari suka tsaya a tagogi suna kallon abin da suka yi shekaru suna ba da labarinsa: soja sittin a jere, kowa ya taka ɓawon kwakwa da ƙafa ɗaya yana gurza daɓe, ɗan mai gonar rake a tsakanin masunci da mai tatsar giya, Paking na rera musu waƙa, kofur kuma na bin bayansu tana nuna inda aka tsallake.

Ba a sallame ta daga soja ba sai watan Nuwamba, da igiya uku ta saja. Amma makaranta ba ta jira takardar sallama ba. Ranar Litinin biyu ga Yuli aka buɗe ta, da rufin ganye a kusurwa ɗaya, yara a zaune a ƙasa don babu benci. Ɗari uku da goma sha huɗu suka zo, wasu sun fi ta tsawo, muryarsu ta riga ta fashe. Maestra Prosing ta shiga aji huɗu cikin kakin soja, ta ɗauki guntun gawayi a madadin alli, ta fara daga inda suka tsaya.